Kalmar da Aka Yanke wa Wutsiya

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Farkon damina

Zuwa ga Kawuna, Malam Hammadu, a Argungu.

Assalamu alaikum. Gaisuwar 'ya ga ubanta, tare da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya kai da Inna Abu. Yaya ciwon gwiwa? Yaya kunnen? Da kunnen nan yana aiki da ban ɗora wa Dikko direba wahalar kai takarda ba. Amma tun ranar da na kira ka a waya na ce Mubina tana gaishe ka, ka daka mini tsawa kana tambayar wa ya rasu, na haƙura da waya tsakanina da kai.

Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, layinmu ya zama taɓo har masu keke-napep suna ƙin shigowa. Ɗinki yana tafiya daidai gwargwado. Autata Mubina tana nan, ta yi tsawo har ta wuce ni.

Bayan haka, Kawu, tambaya ce da ni. Akwai wata kalmar Turanci da ta hana mu barci, ga ta kamar yadda na kwafo ta harafi bayan harafi: *suggestive*. Wani mutum mai matsayi ne ya rubuta ta a kan wani abu da wata yarinya ta yi. An gayyaci yarinyar wani taro, kuma amsarka ce za ta sa a bar ta ta je ko a hana ta. Yaya Sirajo da ka koyar a aji, wan marigayi baban su Mubina, shi ya ce duk faɗin ƙasar Kabi ba wanda zai yarda da fassararsa sai kai. Shi ne kuma ya ce in kawo maka kalmar tsurarta, kada in ƙara komai. Na yi masa alkawari, don haka kada ka tambaye ni mafarin zancen.

Ga daddawa a ƙullin leda, a ba Inna. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Sakinatu

*

Argungu

Zuwa ga ɗiyata Sakinatu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, daddawa ta zo, har an yi miya da ita. Gwiwa tana nan tana gardama da ni. Kunne kuwa ya riga ni yin ritaya, kuma ba ni da ƙorafi, don yawancin abin da ake faɗa yanzu bai cancanci a ji ba. Ki gaida mutuniyata Mubina, ki ce mata tsawo ba shi ne girma ba.

Sirajo ya yi hankali da ya turo ki wurina. Yaron nan bai taɓa haye rabin maki a Turanci ba a hannuna, amma ya san inda rijiya take. Na koyar da harshen nan tun ana rubutu da alli a kan allon katako, kuma waɗanda na buga wa rula a hannu yau wasunsu manya ne a ofis-ofis.

To, saurara. Kalmar nan sifa ce. Uwarta ita ce *suggest*, wato a kawo shawara, ko a jefa wa mutum tunani a zuciya ba tare da an fito fili ba. Mu Hausawa mun raba wa kowane irin wannan aiki sunansa. In za a soki mutum a kaikaice, habaici ne. In za a gargaɗe shi, hannunka-mai-sanda. In za a ba shi haushi a wuce, gugar zana. Bature kuwa sai ya ɗora wa jaki guda kaya iri-iri, ya bar ka da gane wanne ya sauke maka.

Amma in aka ajiye kalmar nan ita kaɗai a kan abin da budurwa ta yi, ko sutura, ko rawa, ko kallo, ko irin maganarta, to galibi ba yabo ba ne. Ana nufin abin yana ɗauke da batsa a lulluɓe, yana kai zuciyar mai kallo inda bai kamata ba. Ki yi haƙuri da bakina, ilimi ba ya kunya. Ina zaton ɗaya daga 'yan matan da kike koya wa ɗinki ce. In haka ne, a tsare ta a gida, a yi mata faɗa a hankali, taron ya wuce ba da ita ba.

Kalmar tana da wata fuskar dabam, sai dai Abu ta leƙo tana yi mini alama da hannu wai Dikko yana ta danna hon a ƙofar gida. Wannan ya ishe ku.

Kawunki,
Hammadu

*

Gwadangaji, Birnin Kebbi

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba daɗi.

Kawu, ka yanka mu da wuƙarmu. Yarinyar da ka ce a tsare a gida jikarka ce, Mubina. Yanzu da hukunci ya riga ya faɗi, alkawarina ya ƙare, bari in ba ka labari.

Ƙungiyar malaman Turanci ta sa gasar rubuta gajeren labari tsakanin makarantun sakandare. Mubina ta rubuta nata ba ta gaya wa kowa ba. A duk jihar nan nata aka ɗauka. Ka ji ni da kyau, Kawu, duk jihar, har da 'ya'yan masu kuɗin da ake kai wa makaranta a mota. Ranar da shugabar makarantarsu ta kira sunanta a gaban layi, 'yan ajinsu suka rako ta har gida suna ihu. Na bar keken ɗinki na fito ba ko mayafi, na yi ta rabon alewa kamar mai suna. An ce ta je Sakkwato ƙarshen watan gobe ta karanta shi da bakinta a gaban manyan malamai.

Ka san tun da baban su ya rasu Yaya Sirajo ya kwaso mu daga Augie ya zaunar da mu nan, ba abin da Mubina take yi sai da izininsa. Ta kai masa takardar yabon da alƙalin gasar ya rubuto, tana murna. Ya bi ta da yatsa, ya tsaya a kan kalmar da bai sani ba, ya buga ta a wayarsa. Abin da wayar ta fara nuna masa shi ne irin abin da ka rubuto mana. Da la'asar sai ga shi ya taso tun daga gidansa na unguwar Gesse, ko zama bai yi ba.

"Sakinatu, mi yarinyag ga tar rubuta? Ɗiyaƙ ƙanena ta, amana ta gare ni. Ba ta tahiya Sakkwato ta tsaya gaban maza ta karanta abin kunya."

Mubina ta ce, "Baffa, wallahi ba haka anka nuhi ba." Ya ce wanda ake tuhuma ba ya zama shaidar kansa. Na ce a je a tambayi malamarsu, ya ce shi ba zai kai tallar abin kunyar gidansu makaranta ba. Na ce to ta fassara masa labarin ya ji da kunnensa. Nan yarinyar ta ba ni mamaki, ta sunkuyar da kai ta ce ita ba za ta iya karanta shi a gabansa ba. Ka ga kuwa ai ta ƙara wa wutar itace. Daga nan ne muka yi matsaya a kanka, ya ce kada in faɗa maka ko wace ce, don ya san in ka ji jikarka ce za ka karkata.

Da na karanta masa amsarka bai yi murna ba, wannan zan shaide shi. Idonsa ya yi ja, ya ce, "Kin dai jiya da kunnenki." Ya tashi ya fita.

Ni ban iya Turanci ba, amma na san abin da na haifa. Yarinyar da ko dariya za ta yi sai ta rufe baki da gefen hijabi, ba ta rubuta batsa ba. Na sa ta kwafo mini jimlar alƙalin gaba ɗayanta, ga ta:

*The ending is suggestive of a deep loss and a quiet kindness.*

Na kuma ɗauko labarin daga jakarta na haɗo maka. Ka karanta, in ka ga abin kunya a ciki ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

'Yarka,
Sakinatu

*

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Tsakiyar damina

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Allah ya sa lafiya ce ta kawo shirun nan. In gwiwar ce ta tashi, ka sa Inna ta aiko a gaya mini.

In kuwa lafiya kake, to na fahimta. Shiru ma amsa ce. Na ɗauka ka karanta ka ga abin da bakinka ba zai iya gaya wa uwa ba. Duk wanda ya yi sallama sai in tashi da sauri ina zaton saƙonka ne.

Makaranta sun aiko suna tambaya ko za ta je, in ba za ta ba a ba ta biyu. Na roƙe su su ƙara mana haƙuri zuwa Juma'a ta sama. Mubina ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya, ka san halin gidan ubanta. Sai dai littafin da take yawan rubuce-rubuce a ciki, jiya na ga ta yage shafukan baya tana naɗe wa maƙwabciyarmu ƙosai a ciki. Wannan ya fi mini kuka ciwo.

Ko me ka gani, ka rubuto. Wannan karon ta hannun Malam Hodi mai albasa na aiko, don Dikko na kwana biyu ban gan shi a tasha ba.

Sakinatu

*

Argungu

Zuwa ga ɗiyata Sakinatu, uwar marubuciya.

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, Abu ma lafiya, gwiwa kuwa yau na manta da ita. Takardarki ta hannun Malam Hodi ce ta fara zuwa. Na karanta ban gane kanta ba, na ɗauki sanda na tafi gidan Dikko da kaina. Ashe motarsa ta sha ruwa a wani kwalbati tana garejin makanike, takardarki mai ɗauke da labarin tana kwance a aljihun motar tare da rasit da goro. Abin da na gaya masa ba zai shiga takarda ba. Shirun da kika fassara, shirun injin Dikko ne.

Yanzu ki kira hankalinki. Kun kawo mini kalma kun yanke mata wutsiya! Dubi jimlar da kyau. Bayan *suggestive* akwai wata 'yar mitsitsiyar kalma mai harafi biyu, *of*. Ita ce fuskar da na ce miki akwai. Duk inda kika ga wannan wutsiya a manne, batun batsa ya faɗi. Ma'anar ta koma nuni, wato abu yana tuna maka da wani abu, ko yana ishara zuwa gare shi ba tare da ya kira sunansa ba. Likita zai duba jini ya ce abin da ya gani *suggestive of* zazzaɓin sauro ne, yana nufin alamu sun nuna can. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, Bature zai ce *suggestive of* shuka ne. Ko ba wutsiyar ma, in a kan rubutu ake magana, sau da yawa yabo ne, ana nufin rubutun yana tayar da tunani. Da kun ce mini labari ne aka rubuta, da ban kai ku inda na kai ku ba.

Ga abin da alƙalin ya ce da Hausa: ƙarshen labarin yana nuni zuwa ga wani babban rashi, da wani alheri da aka yi shi shiru. Ina batsa a nan?

Kun yi mini abin da ake yi wa likitan da aka kawo wa farce a takarda aka ce ya faɗi ciwon mai shi. Duk da haka ni ne malami, ni ya kamata in ce a kawo mini jimla kafin in buɗe baki, kamar yadda na yi ta horon yara. Na yi gaggawa, jikata ta sha baƙin ciki a dalilina, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Sai labarin. Sakinatu, na karanta shi sau uku, na uku a tsaye. Wata yarinya ce take kai wa ubanta abinci gona a fadama. Tana tafiya tana ba mu labarin hanya. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun sauka suna ci ba mai korarsu. Kekensa yana jingine a gindin giginya, ƙura ta hau sirdin. Mutanen da take gamuwa da su suna amsa gaisuwarta da murya ƙasa-ƙasa, suna kawar da kai. Tun daga layin farko har na ƙarshe ba ta rubuta kalmar mutuwa ba, amma kafin ki kai tsakiya kin san uban nan ba ya duniya, yarinyar ce kaɗai ba ta yarda ba tukuna. Na yi shekaru ina roƙon ɗalibai su daina ihu a takarda, ban samu wanda ya ji ba. Sai ga shi a jinina, 'yar da ban taɓa koya wa ko baƙi ɗaya ba. Na fita da takardun har majalisarmu ta bakin kasuwa na karanta wa tsofaffi, wanda ya ji Turanci da wanda bai ji ba. Na gaya musu jikata ce, na kuma maimaita don kada a ce ba a ji ba.

Na fassara shi duka zuwa Hausa, ga shi a ninke. Shafin ƙarshe na liƙe shi da gangan, kada ki buɗe. Ki fara neman yardar mai shi, don na gane dalilin da ya sa ta kasa karanta shi a gaban baffanta, kuma dalilin ba abin kunya ba ne, kunya ce kawai. In ta yarda, ki kira Sirajo, ki karanta masa wasiƙar nan, sannan ki karanta labarin da ƙarfi har ƙarshe. Ki ce masa in ji malaminsa, ya zauna ya naɗe ƙafa.

Ki ce wa mutuniyata ta daina naɗe ƙosai da dukiya.

Kawunki mai alfahari,
Hammadu

*

Gwadangaji, Birnin Kebbi

Zuwa ga Kawuna.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. A gaida Inna. A kuma yafe wa Dikko, ya zo har gida ya ba da haƙuri da buhun gawayi.

Na karanta wa Mubina wasiƙarka. Da na kai inda ka ce ka karanta a tsaye, ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya tana hawaye. Ta yarda a karanta wa baffanta, da sharaɗin ba ta wurin. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Yaya Sirajo ya zo bayan la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Da ya ji batun wutsiya sai ya karɓi takardar alƙalin ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Wagga 'yak ƙaramar aba ta taj ja muna wanga duka?" Da ya ji inda ka ce ya naɗe ƙafa, wallahi sai da ya naɗe.

Na fara karatu. Tun a wurin keken da ke jingine na gane giginyar, na gane hanyar, gonarmu ce ta Augie. Na daure na ci gaba har na ɓalle shafin da ka liƙe.

Kawu, kai ka ɗauka ƙila ƙirƙira ce. Ba ƙirƙira ba ce. Ina cikin takaba, wata rana hannuna ya yi abin da ya saba, na zuba tuwo a kwanon baban su na rufe na ajiye. Da hankalina ya dawo na nemi kwanon ban gan shi ba. Can da yamma na same shi a wanke a kife a kan randa. Na ɗauka wata daga cikin masu zaman makoki ce ta kawar don kada in gani, ban taɓa tambaya ba. Sai a shafin nan na ji cewa Mubina ce ta ɗauka ta nufi fadama da shi, tana 'yar ƙarama. Ta tsaya a bakin gona tana kira ba a amsa ba. Da ta juyo da kwanon a ka, sai ta gamu da baffanta a hanya. Bai tambaye ta komai ba. Ya sauke mata kwanon, ya zauna a kan kunyar gona, ya yi bisimilla ya cinye tas, ya wanke shi a ruwan fadama, ya ce mata tuwon ya yi daɗi. Ya riƙe hannunta suka dawo gida. A nan labarin ya tsaya.

Na ajiye takarda. Yaya Sirajo yana kallon ƙasa, yana murza bakin tabarma da yatsa. Kaji suka fara shiga akurki. Sannan ya yi gyaran murya.

"Akwai kure wuri guda," in ji shi. "Tuwon bai yi daɗi ba. Ba gishiri ga miyar ko kaɗan, kin mance ki sa. Nic canye shi don kar ta maido maki kwanon cike ki gani."

Na ji motsi a bayan labule. Ni kuwa kukan da ban yi a gabansa ba ranar jana'iza, shi na yi. Duk shekarun nan ina ganin mutumin nan a matsayin mai tsanani, mai hana wannan da hana wancan, ban san shi ya ci tuwon ba.

Ya tashi ya sa takalmi. Ya kai bakin zaure, ya tsaya, bai juyo ba. Ya ɗaga murya yadda na cikin ɗaki zai ji.

"Motag ga tawa ta daɗe ba ta yi doguwat tahiya ba. Makanike yac ce zama shina ɓata ta."

Ya fita.

Bai ce ya yarda ba, Kawu, kuma na san ba zai taɓa cewa ba. Da safe na je makaranta da ƙafata na gaya wa shugabar kada ta ba kowa gurbin 'yata. Kayan makarantarta na wanke su, suna kan igiya, ina jiran su bushe in goge.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Sakinatu